Yadda Ake Gyara Fatar da Ta Fara Tsufa da Tsayar da Zubewar Gashi Ba Tare da Tiyata Ba

A shekarun da na yi ina aiki a wani farmasi a nan Maraɗi, akwai tambayoyi biyu da ba a yi mini su sai layi ya ragu, kuma da murya ƙasa-ƙasa. Mace za ta ɗan ja ɗankwalinta baya ta nuna mini inda gashin gaban goshi ya janye, ko ta shafa kumatunta inda duhu ya kwanta. Namiji kuma ya ɗaga hula kaɗan ya sunkuyo da kansa ba tare da ya ce uffan ba. Kusan dukkansu sun riga sun ga hotunan allurai da na'urori a Facebook ko TikTok, abin da suke so su ji kawai shi ne inda ake yi da nawa ake biya. Hanyoyin gyaran fata da gashi ba tare da tiyata ba suna nan, wasunsu ma an tabbatar da amfaninsu tun shekaru da dama, sai dai suna da tsari na abin da ake farawa da shi da abin da ake bari sai daga baya, kuma wanda ya tsallake na farko ya faɗa wa allura ya saki reshe ne ya kama ganye.

Halin baƙar fata

Yawancin hotunan da ake tallata waɗannan ayyuka da su na Turawa ne, alhali fatarmu ba irin tsufan tasu take yi ba. Sinadarin launi da ake kira melanin, wanda ya fi yawa a jikinmu, yana tare wani ɓangare na hasken rana, shi ya sa tamoji yakan makara kafin ya bayyana a fuskar Bahaushe. Abin da ke fara tona shekaru a wurinmu shi ne rarrabuwar launi, wato duhu a kumatu da goshi, da ƙananan baƙaƙen ƙulle-ƙulle da ke fitowa kusa da ido, sannan daga baya kumatu su sauko, layin da ya taso daga gefen hanci zuwa baki ya ƙara zurfi. A ƙarƙashin fata akwai wani zare da ake kira kolajin wanda shi ke riƙe ta, yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara bayan mutum ya girma, mace kuma tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko bayan ta daina al'ada. Ga kuma ranar Maraɗi da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga iskar hunturu da ke tsotse danshin jiki daga Disamba zuwa Fabrairu.

Akwai hali ɗaya na baƙar fata da ya kamata a auna kowane magani da shi: duk inda ta ƙone ko ta kumbura, tana barin baƙin tabo da kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Saboda haka magani mai zafi da gaggawa, wanda Baturiya za ta yi ta warke cikin mako guda, yana iya bar wa ƴar Maraɗi shatar da ta fi tamojin da ta je gyarawa muni.

Matakin farko shi ne a daina abin da ke ɓata fatar, kuma a garinmu babban mai ɓata ta shi ne man bilicin. Wata Hajiya ƴar kasuwa, mai kimanin shekara 50, ta taɓa ajiye mini wata kwalba marar suna a kan kanta ta ce, "Ɗiyata, duba mini wannan, man gyaran tsufa ne aka haɗa mini." Na ce, "Hajiya, wa ya haɗa miki, kuma me ya zuba a ciki?" Ta ce ita dai jaka biyar ta biya, ba ta tambaya ba. Ban buƙaci buɗe kwalbar ba, domin hannun da ya ajiye ta ya riga ya ba da labari: gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, sauran hannun ya yi ɗau, jijiyoyi sun fito kore-kore, ga nankarwa mai faɗi a damtse. Irin waɗannan haɗe-haɗe sukan ƙunshi abu uku. Akwai maganin kumburi mai ƙarfi na dangin kotizon, irin su kilobetasol, wanda ke sirantar da fata, ya kawo ƙuraje da gashi a fuska, kuma idan aka daɗe ana shafa shi a jiki duka yana iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Akwai haidurokinon, wanda likita kan rubuta na ƴan watanni don wani tabo na musamman, amma idan aka shekara ana lafta shi sai ya juya ya bar duhu mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda da wuya ya fita. Akwai kuma zaiba, mai lalata ƙoda. Ƙasar Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ma ta bi sahu a 2018. Wadda ta daɗe tana shafa mai kotizon kada ta yanke shi dare ɗaya, domin fuskar za ta yi ja ta feso da ƙuraje har ta koma masa dole. Likita ne zai tsara mata yadda za ta rage shi sannu a hankali. Kafin fatar ta farfaɗo daga wannan, babu wani aikin asibiti da ya halatta a yi mata.

Mataki na biyu aikin kullum ne kuma shi ne mafi araha. A wanke fuska da sabulu marar kaifi safe da dare. Sabulun salo yana da kyau ga jiki, amma a hunturu yakan busar da fuska fiye da kima. A shafa mai tun fatar tana da ɗan danshi, kuma man kaɗanya mai kyau ya wadatar ga mai busasshiyar fata. Da safe a shafa man kariya daga rana wanda aka rubuta SPF 30 ko fiye a jikinsa, gwargwadon tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya. Na san ana yi wa wannan dariya, ana cewa me baƙin mutum zai yi da man rana, amma duhun kumatu ba ya tafiya matuƙar rana na dukansa kullum. A zaɓi mai launin ƙasa-ƙasa, domin ba ya barin fuska toka-toka, kuma sinadarin ƙarfen da ke ba shi launin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke ƙara wa fatarmu duhu. Alwala tana wanke shi, don haka mai fita rana ya sake shafawa bayan sallar azahar, ya kuma haɗa da lema ko malafa.

Mataki na uku shi ne tiretinoyin, wani mai da aka samo daga dangin bitamin A. An fara amfani da shi don ƙurajen fuska a Amurka a 1971, aka amince da shi don tamoji a 1995, kuma har yau babu man shafawa da ya kai shi hujja wajen sa fata ta ƙera sabon kolajin da daidaita launi. Likita ne ke rubuta shi, kuma a fara da mai rauni, mai 0.025 cikin 100. Da dare ake shafa shi. A wanke fuska, a jira kamar minti 20 ta bushe sarai, a matso gwargwadon ƙwayar wake ɗaya, a ɗiga a goshi da kumatu biyu da haɓa, a baza, a kauce wa gefen ido da kusurwar hanci da ta baki, sannan a bi da man kaɗanya ko wani mai mai laushi. Dare biyu a mako ya isa a farko, bayan mako uku ko huɗu a koma dare ɗaya a tsallake ɗaya. Ɗan saɓa da bushewa a makonnin farko ba abin tsoro ba ne, amma idan fuska ta fara raɗaɗi a dakata kwana uku ko huɗu, kuma a ganina bai kamata a fara shi a tsakiyar hunturu ba. Sai an yi wata uku zuwa shida ake ganin sauyi. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa shi; ita likita zai iya ba ta azelayik asid don duhun kumatu. Wadda za a yi wa halawa ko dilka a fuska saboda biki ta dakatar da shi aƙalla mako guda kafin ranar, in ba haka ba halawar za ta iya ɗago fatar tare da gashin.

Ayyukan asibiti

Sai an yi wata shida a kan abin da ya gabata ya dace a yi maganar asibiti. Likitocin fata ba su da yawa a ƙasar nan kuma mafi yawansu suna Yamai, shi ya sa mutanenmu da dama suke tsallakawa Katsina ko Kano, kuma a wannan giɓin ne masu shagunan kwalliya suke shigowa da allura a hannu.

Saɓar da fata da sinadari, irin su gilaikolik asid da asalinsa daga rake ne, ko salisilik asid, tana amfani ga duhu da kaushi idan aka tsaya a saman fata aka yi ta sau da yawa a hankali. Mai zurfi ba ta dace da mu ba. Akwai kuma wata tsaga ta zamani da ake yi da ƙananan allurai masu yawa don fata ta ƙera kolajin yayin warkewa, kuma tana cikin waɗanda baƙar fata ta fi jurewa tun da ba ta ƙona fata, sai dai wanda jikinsa ke yin tabo mai tasowa, kamar wadda hujin kunne ya zame mata ƙulli, ya nisance ta. Dole kan allurar ya zama sabo da aka ɓare a gaban mutum, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Na'urar leza kuwa iri-iri ce, kuma wadda ta fi aminci ga fatarmu ita ce mai tsawon haske 1064, saboda tana wuce launin saman fata ba tare da ta ƙona shi sosai ba. Wanda aka tambaye shi wace iri ce na'urarsa ya kasa faɗa, a tashi a bar masa kujerarsa.

Allurar Botox, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don layin tsakanin gira a 2002, tana sassauta naman da ke tattare fata. Takan fara aiki cikin ƴan kwanaki, ta cika a mako biyu, ta gushe bayan wata uku zuwa huɗu, sai an sake. Layin goshi da na gefen ido take gyarawa, ba ta ɗaga kumatun da ya sauko, kuma idan aka kuskure wuri fatar ido tana iya faɗowa na makonni. Ana ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 da 8, saboda haka a garin da wuta ke ɗaukewa tambayar inda aka ajiye kwalbar ba rashin kunya ba ce. Na jabu ma suna yawo, har a Amurka an kwantar da mutane a asibiti saboda su a 2024.

Allurar ciko, wadda yawanci ake yi da hiyaluronik asid don cike ramin kumatu ko ƙasan ido, takan ɗauki wata shida zuwa 18. Ita ce mafi haɗari a hannun wanda bai san hanyoyin jinin fuska ba, domin idan cikon ya shiga jijiya yana iya kashe fatar wurin, a wasu lokuta ƙalilan ma ya makantar. Karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ba ta taɓa dacewa da wani abu kamar wannan ba. Kafin a yarda a tambaya ko akwai hiyaluronidas a ɗakin, wato maganin da ke narkar da cikon nan take idan an sami matsala, kuma kada a karɓi ciko na dindindin komai arhar sa. Allurar hasken fata da ake ɗurawa ta jijiya kuwa ba maganin tsufa ba ce, ban kuma taɓa ba kowa shawarar yin ta ba.

Gashi

A nan ma ba a fara magani sai an san dalili. Kowane mutum yana zubar da gashi 50 zuwa 100 a rana, saboda haka matar da ta bar kitso mako biyu, ranar tsifa za ta ga na kwana 14 a tare a jikin mataji, kuma wannan ba ciwo ba ne. Mai jego takan ga zubewa sosai wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, haka wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko taifot. Irin wannan yana dawowa da kansa cikin watanni. Idan ya ƙi tsayawa a auna jini, domin ƙarancin ƙarfe a jini ya yi yawa a tsakanin matanmu, a kuma duba aikin ƙullin wuya da ke kawo maƙoƙo. Makero a kan yara maganin sha yake so, na shafawa kaɗai ba ya kashe shi. Fili mai santsi zagayayye kamar kwabo da ya bayyana dare ɗaya kuma na likita ne.

Abin da na fi gani a wurin mata shi ne janyewar gashin goshi da gefen kunne saboda kitso mai tsauri da nauyin ƙarin gashi. Alamar a fili take: kitson da ya hana barci, ko ya sa aka nemi maganin ciwon kai, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi, yana tumɓuke saiwa ne. A gaya wa mai kitso tun tana farawa, "Yaya, a sassauta hannu a gaba, a bar mini ƙananan gashin nan," kuma a riƙa sauya salo, kada a yi ta shuku wata da watanni yana jan wuri ɗaya, a bar kai ya huta tsakanin kitso da kitso. Man miƙar da gashi a ba shi tazarar aƙalla mako takwas, a shafa shi a sabon tsiro kaɗai, kuma kada a ɗora kitso mai tsauri a kan gashin da aka miƙar a makon. Idan aka farga da wuri gashin yana dawowa. Akwai kuma wata zubewa da ta fi kama mata baƙar fata, wadda ke farawa a tsakiyar kai tana faɗaɗa, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi. Wannan tana kashe saiwa ta bar tabo, kuma duk inda fatar kai ta yi sulɓi tana sheƙi babu ramukan gashi, babu man da zai tsiro da shi. Wadda ta ga haka ta nemi likitan fata a watan, domin abin da magani zai iya shi ne ceton wanda ya rage. Man kwakwa da man habbatus sauda suna laushin gashi su rage karyewa, iyakarsu ke nan.

Sanƙon gado, na maza da na mata, yana da magunguna biyu tabbatattu. Minoksidil asalinsa ƙwayar hawan jini ce da aka lura tana tsiro da gashi, aka mai da ita ruwan shafawa a 1988. Namiji yana amfani da mai kashi 5 cikin 100, mililita ɗaya sau biyu a rana. Mace mai kashi 2 sau biyu, ko kumfar mai kashi 5 sau ɗaya. A fatar kai ake ɗiga shi, a busasshen kai, a murza da yatsa, a wanke hannu, a bar shi ya bushe kafin a sa hula ko ɗankwali, kuma yana son kamar awa huɗu ruwa bai taɓa wurin ba. Lokacin da ya fi dacewa da mai salla shi ne bayan asuba da bayan isha'i. Mace ta kula kada ya gangaro fuska don yana tsiro da gashi a inda ya taɓa, mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi, mai ciwon zuciya ya tambayi likita, kuma a ɓoye kwalbar daga yara da mage, domin kaɗan daga cikinsa yana kashe mage. Tsakanin mako na biyu da na takwas zubewar takan ƙaru, saboda tsofaffin gashi suna ba sababbi wuri. Yayana ya jefar da kwalbarsa a mako na biyar ya ce na ba shi abin da zai ƙarasa masa kai, ban kuwa iya shawo kansa ba sai bayan shekara, lokacin da filin ya ƙara faɗi. Sai wata huɗu zuwa shida ake yanke hukunci, tun da gashi santimita ɗaya kacal yake yi a wata.

Finasterid ƙwaya ce ta miligiram 1 a rana, ta maza, da aka amince da ita a 1997. Tana rage sinadarin namiji da ke ƙanƙantar da saiwar gashi, kuma ta fi ƙarfi wajen tsayar da sanƙo. Kaɗan daga masu shanta suna samun raguwar sha'awa ko ƙarfin namiji, don haka a tattauna da likita a fili kafin a fara. Tana kuma rage sakamakon gwajin jinin da ake yi wa dattawa don ciwon ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, wato prostate, da kusan rabi, sai a sanar da mai gwajin. Mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Allurar da ake kira PRP, inda ake ɗibar jinin mutum a tace shi a na'ura a mayar da wani ɓangarensa cikin fatar kai, yawanci sau uku wata-wata, tana taimaka wa wasu, amma ƙari ce a kan magungunan nan biyu, kuma tana da tsada.

Furfura ba ta da magani sai rini. Lalle tsantsa da wuya ya cutar, amma baƙin rini da ake haɗawa da shi yakan ƙunshi sinadarin da ke kumbura fuska da kai, don haka a ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira awa 48 kafin a shafa.

Kafin a sayi kwalbar farko ta minoksidil ko finasterid a ɗauki hoton kai da waya, daga gaba da daga sama, a wuri ɗaya da haske ɗaya, a maimaita kowane farkon wata, domin madubi ba ya tuna yadda kai yake a watan jiya. A kuma zauna a lissafa kuɗin shekara guda, saboda duk gashin da waɗannan magunguna suka riƙe yana zubewa cikin ƴan watanni bayan an daina. Ɗan kasuwar da zai yi sati uku a Kano ko Kwatano ya saka kwalbarsa cikin jaka tare da tufafinsa.